Amsa ga ƙanwata likitar haƙori da ke son tafiya PhD a kan kayan gyaran haƙori

Wata ƙanwata likitar haƙori, ta gama hausmanshif, wato shekarar horon sababbin likitoci a asibiti, yanzu tana bautar ƙasa nan Jos, ita ce ta turo min wannan tambayar da daddare: "Anti dan Allah na ga tallan gurbin PhD a Turai, a kan kayan da ake haɗawa don gyaran haƙori da ƙashin muƙamuƙi, wai har da tsiro da sabon nama a lab. Ni digirin likitan haƙori kawai gare ni, rabona da lab tun ina aji biyu. Zan iya kuwa? Kuma in na yi me zan yi da shi in na dawo, ko dai in haƙura in shiga residensi, horon zama ƙwararren likita a asibiti, kamar kowa?" Na ce bari in amsa a fili tunda ba ita ce ta farko da ta tambaye ni ba.

Ƙanwata za ki iya, wannan ba ma abin tsayawa ba ne, ni ma da irin takardarki na tafi. Amma ki fara cire wani abu daga ranki tun yanzu, wannan karatun ba ci gaban likitancin da kika yi ba ne, wata sana'a ce daban za ki koya tun daga tushe. Shekara uku ko huɗu ba za ki leƙa bakin kowa ba, hannunki da ya saba da fosef na cire haƙori da allura zai koma auna gari a sikeli da wanke kwalabe, kuma yarinyar da ta karanta kemistiri ƴar shekara ashirin da uku ita za ta riƙa gyara miki kuskure kina cewa na gode. In kin san girman "Dakta" ba zai bar ki ki ɗauki wannan ba, toh tun yanzu ki nemi fom ɗin residensi, ba abin kunya ba ne.

Bari in fara da dalilin da ya sa fannin ma ya wanzu, don a intabiyu shi za su fara latsa ki a kai. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, fata in ta yanke tana warkewa, amma inamel, wato farin ɓawon nan na saman haƙori, in ya tafi ya tafi kenan. Kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, haidroksi-afatait, kuma sel ɗin, wato ƙwayoyin halitta, da suka gina shi, amelobilas, suna gama aikinsu haƙorin na hudowa su ɓace, kamar magina ne da suka gama gini suka watse ba su bar lambar waya ba. Dentin da ke ƙarƙashi shi da sauƙi, ma'adininsa wajen kashi 70 ne, saura kolajin da ruwa, kuma maginansa odontobilas suna nan a raye jere a bakin ɓargon haƙorin, in ruɓewa ta matso su kan ɗan yi yaɓe daga ciki su kare kansu, sai dai a hankali suke yi, ƙwayoyin cuta kuma ba sa jira. Duk abin da za ki yi a wannan PhD ɗin yana tsakanin waɗannan biyun ne, ko ki ƙirƙiro abin da zai tsaya a madadin wanda ba ya dawowa, ko ki nemo dabarar zuga wanda ke da sauran rai ya yi aikinsa da sauri.

Kuma baki ba wurin wasa ba ne ga kowane irin kaya. Ki duba mutumin Jos a watan Disamba, ya sha kunun gyaɗa mai turiri, minti biyu ya kora da ruwan randa da ya kwana a waje, anjima ya tauna goro da ƙashin balangu, ga yawu dare da rana, ga tsami da ke sauka ƙasa da pH 5.5 duk sanda ya sha lemon kwalba inamel ya fara narkewa. Abin da kika liƙa masa a haƙori dole ya jure duk wannan shekara da shekaru. Shi ya sa a lab muke da na'urar da ba ta da aiki sai tsoma samfur a ruwa mai digiri 5 ta ciro ta tsoma a mai digiri 55, sau dubbai, kina zaune kina jin ƙarar ta kamar mai dakan sakwara.

Tarihin fannin kin san rabinsa daga aji, kawai dai an koya miki shi a matsayin sunayen da za ki haddace ne. Buonocore a 1955 ya gano in ka ɗan ƙona inamel da asid abu yana kama shi, Bowen ya kawo sinadarin roba Bis-GMA a 1962, daga nan aka samu farin cikon nan, kompozit, da kowa ke so yanzu. Wilson da Kent a Landan suka fito da sumuntin ciko na gilas ayonoma a farkon shekarun 1970, shi ne wanda aka gina hanyar ART a kansa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, cikon da ake yi da kayan hannu kawai ba wuta ba injin burma haƙori, ki riƙe wannan don zan dawo kansa. Brånemark a Suwidin ya lura a 1952 cewa ƙarfen taitaniyom da ya sa a ƙashin zomo ya ƙi fita don ƙashin ya rungume shi, sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko, kin ga shekara goma sha uku kenan tsakanin zomo da ɗan Adam, ki auna da PhD ɗinki mai shekara uku.

Waɗannan duk toshe rami ne ko maye gurbi. Inda labarin ya juya shi ne lokacin da aka fara tunanin kayan da jiki zai yi hulɗa da su maimakon ya jure su kawai. Larry Hench a Jami'ar Fulorida, injiniyan tangaran ne ba ruwansa da likitanci, wani kanar na soja da ya dawo daga Biyetnam ya tambaye shi a cikin mota me ya sa ba za su ƙera abin da jiki ba zai ƙi ba, don yana ganin ana yanke wa samari hannu da ƙafa, a 1969 ya fito da gilashin nan 45S5, silika kashi 45, sodiyom oksaid 24.5, kalsiyom oksaid 24.5, fosfet 6, in ya shiga ruwan jiki sai ya yi wa kansa riga ta afatait ƙashi ya manne masa. Jikan wannan gilashin ne NovaMin da ke cikin wani nau'in man goge baki na Sensodyne, yana toshe ƙananan ramukan dentin da ke sa mutum ya dafe kunci in ya sha ruwan sanyi. Sai MTA na Torabinejad a Loma Linda, farkon shekarun 1990, wanda in kika bi salsalarsa ɗan uwan sumunti ne na gini, an tace shi an ƙara masa bismot don ya fito a hoton eksire, kina ɗora shi kan ɓargon da ya buɗe dentin ya fara yaɓe a ƙarƙashinsa. Ki tambayi kuɗin ƴar ƙaramar fakitinsa a Abuja ki kwatanta da kuɗin buhun sumunti, nan kaɗai akwai tambayar PhD guda.

Ɓangaren sel kuma shi ne ke ruɗar yara, ni ma shi ya ruɗe ni. A 2000 Gronthos da Songtao Shi a cibiyar NIH ta Amurka suka nuna akwai sel na tushe a ɓargon haƙorin manya, irin waɗanda za su iya rikiɗa su zama masu gina dentin, a 2003 kuma aka same su a haƙoran da yara ke zubarwa lokacin famfara, wai ma haƙorin ƴarsa ne Songtao Shi ya duba ya ga ɗan jan nama a ciki tunanin ya zo masa. Haƙorin da yaranmu ke jefawa kan rufin ɗaki kenan fa.

Bari in gaya miki yadda ranar farko ta kasance min da wannan aikin, don ki ga abin da ido. An kawo min haƙorin turmi na ƙarshe da aka cire wa wani saurayi da safe, a cikin ƴar kwalba mai ruwan hoda a kan ƙanƙara. Na wanke shi na kankare naman jikinsa, na yi masa tsaga a wuya da faifan yanka ana zuba ruwa don kar ya yi zafi, sannan a cikin akwatin nan mai hura tatacciyar iska na sa ƙarfe na ɓalle shi gida biyu, ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Abin da ke ciki ba ya wuce ɗan zaren nama ja-ja, bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba, na ɗauko shi da hantsaki hannuna na rawa, na yayyanka shi har ya zama kamar kunu, na zuba masa kolajines ya narke wajen awa ɗaya, na juye a falas, wato kwalbar rainon sel, na sa a inkubeta, digiri 37, iskar kabon kashi 5. Daga nan sai jira. Kullum da safe in leƙa madubin ƙara girma ba komai sai datti na yawo, har na fara tunanin na kashe su, sai a cikin sati na biyu na hango wasu ƴan siraran abubuwa kamar ƙananan kifaye sun manne a gindin falas ɗin sun yi gungu. Wallahi sai da na yi ƙwalla, wata ƴar Girka da muke benci ɗaya tana min dariya tana cewa in jira ranar da naman gwari zai shiga min falas in ga kuka na gaske. Kuma ya shiga, a wata na huɗu.

Yanzu maganar tsiro da sabon haƙori da kike gani a waya. Gaskiya ne Takashi Tsuji da mutanensa a Japan sun haɗa ƙwayar haƙori a lab sun dasa wa ɓera ta tsiro a 2009. Gaskiya ne Paul Sharpe a King's College ta Landan ya nuna a 2017 cewa maganin Tideglusib, wanda asali don cutar mantuwa aka gwada shi, in aka jiƙa soson kolajin da shi aka cusa a ramin haƙorin ɓera dentin yana cike wurin. Kuma gaskiya ne a 2024 an fara gwada maganin Katsu Takahashi a kan mutane a asibitin Jami'ar Kyoto, wanda ke toshe sinadarin USAG-1 mai hana haƙori tsirowa, amma matakin farko ne na duba ko yana cutarwa, kuma waɗanda aka fi nufa da shi yaran da aka haifa ba su da wasu haƙoran ne, ba Baba mai wawulo da ke tambayata a gidan biki yaushe allurar za ta iso Terminus a nan Jos ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Haƙorin ɓera ɗan mitsitsi ne, ramin da aka yi masa kuma mai tsabta ne da aka huda da gangan, na majinyacinki kuwa wata takwas yana ruɓewa an cusa masa kanumfari da auduga da wani lokacin har ruwan batir kafin ya zo gare ki. In kika rubuta a wasiƙar neman gurbi cewa burinki ki tsiro da cikakken haƙori a shekara uku, farfesan zai yi murmushi ya ɗauki takarda ta gaba.

Abin da za ki sha wuya a kai shi ne ɓangaren injiniya, gara in gaya miki. Za a miƙo miki zanen XRD, gwajin eksire na gano irin ma'adini, mai tsini-tsini a ce wane kiristal ne wannan, za a ce ki karanta sakamakon na'urar FTIR mai gano sinadarai, ki shafa wa samfur zinare ki sa a madubin ƙara girma na SEM, ki karya sandunan kompozit ɗari a injin gwada ƙarfi ki yi lissafin Weibull, ki san me ya sa kompozit ke tsukewa da kashi 2 zuwa 3 in an haska masa shuɗin haske har ya bar ƴar kafa a gefe inda sabuwar ruɓewa ke farawa. Ga ƙa'idojin ISO, 10993 na gwada ko abu yana cutar da jiki, 4049 na kayan ciko irin na roba, za ki haddace su kamar karatun allo. Ga lissafin ƙididdiga, wanda yawancinmu muka tsallake da addu'a a makaranta. Duk ana koya, wata shida na farko ne kawai za ki ji kamar an jefa ki kasuwar da ba ki jin yarenta. Amma ke ma kina da abin da su ba su da shi kuma kar ki raina shi: kin san baki. Na taɓa zama a taron lab wani injiniya haziƙi yana nuna mana wani sumunti da ya haɗa, ƙarfi kamar dutse, sel suna son sa, sai na tambaye shi minti nawa yake ɗauka kafin ya daskare, ya ce awa huɗu, kuma wurin ya kasance a bushe. Na ce masa wane yaro ne zai buɗe baki awa huɗu ba yawu? Ɗakin ya yi tsit. Saboda irin wannan tambayar ake ɗaukar likitan haƙori a irin waɗannan guraben.

Toh ga ainihin abin da nake so ki ji, wanda ni ba wanda ya gaya min. Ni PhD ɗina kacokan a kan sel na yi shi, na dawo gida da zumuɗi, na yi shekara kusan biyu ina roƙo da rubuce-rubuce har na samu aron inkubeta a wani lab, na sayi ruwan rainon sel da kuɗin aljihuna, ruwan da sai an shigo da shi daga waje a cikin sanyi kuma ba ki da tabbas sanyin bai yanke a hanya ba, na samu izinin kwamitin ɗa'a, na raini sel daga haƙora shida wata uku suna tafiya lafiya lau. Ranar wata Juma'a aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare daren Asabar, wanda ke da makullin sito ya yi tafiya, ba wanda ya kira ni. Litinin da safe na buɗe inkubeta na ji ta sanyi ƙalau kamar tukunyar ƙasa, ruwan falas ɗin ya canza launi, sel duk sun saki gindi suna yawo a mace, firizar da na ajiye na ajiya ita ma ta narke. Na zauna a kan kujerar lab ɗin na fi awa ban ce komai ba. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, ni ce na ɗauko aikin da ke buƙatar wuta awa 24 na kawo inda ba a yi mata alkawari ba.

Abin da ya tashe ni ƙashin shanu ne, kar ki yi dariya. Na je mayanka da sassafe na sayi ƙashin cinya, mahauta suna tambayata ko miyar biki zan yi, na dafa shi a tsakar gida a babbar tukunya na kwashe kitse na sake dafawa har maigidan ya ce in dai wannan ne bincike shi ya gaji da warinsa, na shanya, na kai tanderun lab na gasa a digiri 900. Yana shiga ruwan ƙasa-ƙasa, in bai gasu ba ya fito baƙi ko toka-toka, in ya gasu kuwa sai ya fito fari tas kamar alli, mara nauyi, kina murza shi yana rugujewa. Na daka na tankaɗe na ƙulla a ƴan robobi na aika a yi min XRD, sakamakon ya dawo tsinin nan duk sun zauna inda na haidroksi-afatait suke. Wannan garin in an ɗauke wuta sati guda yana nan yana jirana a kwalba, ba ya mutuwa ba ya fushi. Kuma ba wani abin ƙauye ba ne, Bio-Oss da likitoci ke saya da tsada suna cikon ƙashin muƙamuƙi kafin dasa haƙori daga ƙashin shanu ake yin sa, bambancin yana wajen tacewa da gwaji da tabbatar da cewa kowane ƙulli daidai yake da ɗan uwansa, nan ne ilimin yake, nan ne kuma yawancin takardunmu na gida ke tsayawa, a gasa ƙashi ko ɓawon ƙwai a yi XRD a buga takarda shikenan, ba wanda ke kai shi ga gwajin guba balle dabba.

Don haka shawarata, in har kina da niyyar dawowa, ki zaɓi aikin da ƙafarsa ɗaya ke kan kaya, gilashi ko sumunti ko tangaran ko kompozit, ɗaya ƙafar kuma a kan sel. Ki koyi rainon sel sosai a can inda wuta ba ta ƙiftawa, amma kar ya zama shi kaɗai ne jarinki. In kin dawo, haɗa kaya da gwada ƙarfinsu za ki iya ci gaba da shi nan, gwajin sel kuma ki yi ta hanyar haɗin gwiwa har ranar da kika samu sola da batir na kanki. Kuma ba a cikin daji za ki dawo ba. Nan Jos akwai cibiyar binciken lafiyar baki ta yankin Afirka, wadda ake kira ICOH ko RCORTI, ga tsangayar likitancin haƙori a Jami'ar Jos, ga cibiyar binciken ƙarafa NMDC a hanyar Zariya masu tanderu da sanin ma'adinai, ga NVRI a Vom da suka daɗe suna rainon sel saboda alluran rigakafin dabbobi kuma sun san harkar dabbobin gwaji. A Abuja ga AUST a Galadimawa da suke da ƙarfi a kimiyyar kaya, ga SHESTCO a Sheda, ga NIPRD a Idu. Matsalar dai kowa yana ɗakinsa ne, likitan haƙori bai san injiniyan ba, injiniyan bai taɓa ganin an yi ciko ba.

Tambayoyin bincike kuwa a ƙofar gida suke. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan sinadarin makuri, wadda Najeriya ke ciki, tana kora baƙin cikon amalgam waje, Tarayyar Turai ma ta hana shi daga farkon 2025, alhali shi ne mai arha mai jure yawu mai daɗewa, toh me za mu ba talaka a madadinsa a asibitin da ba na'urar tsotse yawu ba fitilar haskawa? Nan gilas ayonoma da ART ɗin Tanzaniya suka dawo, duk wanda ya ƙara masa ƙarfi har ya jure tauna a turmi ya yi wa nahiyar nan aiki. Ga mutanen Langtang da kewaye da fulorayid ɗin ruwansu ya yi yawa haƙoransu suka yi dabbare-dabbare, ma'aunin WHO miligiram 1.5 ne a lita, kuma inamel irin wannan ba ya karɓar asid da gam yadda na littafi ke yi. Ga kayan ciko da aka gwada a ɗaki mai digiri 23 ana ajiye su a shagon da rufin kwano ke dafa su. Ga zakon a cikin tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari, ma'adinin da daga shi ake samo zakoniya da ake yin hular haƙori, ko da yake tace shi zuwa matakin asibiti ba ƙaramin aiki ba ne. Ga yaran da cutar noma ta cinye wa fuska da ake yi wa aiki a Sakkwato, cutar da sai a Disamban 2023 WHO ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Akwai ma wata da ba a cika faɗa ba, Emdogain da ake sa wa dasashi daga ƙwayar haƙorin alade ake ciro shi, shimfiɗar Bio-Gide ma kolajin ɗin alade ce, ni dai ina gaya wa majinyaci kafin in sa masa, kuma neman madadi daga shanu ko kifi tambaya ce mai kyau da Bature ba lallai ta dame shi ba.

Maganar kuɗi a taƙaice, kar ki kuskura ki biya wa kanki PhD na lab, ko gonar gado za a sayar. Irin tallan da kika gani in na shirin Marie Curie ne na Tarayyar Turai, aiki ne da albashi na shekara uku, ba ruwansu da ƙasarki, sharaɗin dai kar ki kasance kina da PhD, kuma kar ki kasance kin zauna a ƙasar da za ki je fiye da wata 12 a cikin shekara uku da suka wuce, sannan suna tura ɗalibi wasu watanni wani lab ko kamfani, wanda a nan ne za ki ga yadda gari ke zama kaya a kwali. Sai dai wasu jami'o'in za su ce sai da mastas, wasu kuma su karɓi digirinmu tunda shekara shida ne, ki rubuta ki tambaya kar ki yanke wa kanki hukunci. Akwai kuma tallafin karatu na Commonwealth, akwai DAAD na Jamus, akwai MEXT ta ofishin jakadancin Japan a Abuja. Amurka ta fi tsawo, shekara biyar zuwa shida, amma ana fara wa da darussa wanda ga mai irin tushenki ba laifi ba ne. Wuraren da suka yi suna a fannin akwai Leuven a Beljiyam, ACTA a Amsterdam, King's a Landan, Michigan, da Sichuan a Chengdu ta Sin.

Amma sunan makaranta bai kai sufabaiza muhimmanci ba, wannan ki rubuta ki liƙa a bango. Ki duba takardunsa na shekara biyar, sunan ɗalibai ne a farko ko kullum nasa? Ki nemo wanda ya gama a hannunsa ki tura masa saƙo a asirce ki tambaye shi abu biyu kawai, shekara nawa ka yi, kuma da za a sake za ka koma wurinsa? In ya yi ta kewaye-kewaye kin samu amsarki. A intabiyu kuma ke ma ki yi tambaya, kuɗin kayan aiki na shekara nawa ne a ƙasa, wa zai koya min na'urorin, kuma in na koma gida za mu ci gaba da aiki tare?

Residensi ko PhD, kowanne da inda yake kai mutum. PhD ba zai mai da ke konsoltan ba, wannan sai ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, kuma ba zai ba ki lasisin taɓa majinyaci a Turai ba, masu tafiya da wannan lissafin suna shan mamaki. In asibiti ne ranki, yi residensi. In koyarwa da bincike ne, a ƙarshe ma wataƙila duka biyun za ki yi, ni da za a mayar da ni baya da na fara cin jarabawar firamare ta shiga residensi na ajiye sannan in tafi, don na dawo na tarar ƴan ajinmu sun zama oga ni kuma hannuna ya yi sanyi, sai da na yi wata da watanni kafin in sake jin daɗin cire turmin ƙasa. Maganar gida kuma ki zauna da su Baba da wanda zai aure ki tun yanzu a yi ta a fili, sel ba su san Sallah ba ba su san suna ba, duk kwana biyu ko uku sai an canza musu ruwa.

Wannan shekarar ta bautar ƙasa kar ki bar ta ta tafi a banza. Ki ɗauko littafin kayan haƙori na Phillips da kika jefar bayan jarabawa ki sake karanta shi a matsayin mai son sani, ki koyi manhajar lissafin ƙididdiga R ko da awa ɗaya ne a sati, ki zaɓi takarda ɗaya duk sati ki karanta sashen yadda aka yi aikin ba ƙarshen kawai ba, sannan ki yi ɗan ƙaramin bincike naki ko da gwada ƙarfin gilas ayonoma iri biyu ne da aka ajiye a zafi da sanyi, don wanda ya zo intabiyu da sakamakon hannunsa ko ya yi muni ya fi mai tarin satifiket. In aikin zai buƙaci haƙoran da aka cire, kar ki fara tara ko ɗaya sai kin samu izinin kwamitin ɗa'a da yardar masu su a rubuce, ba a fomalin ko bilic za ki zuba su ba don suna ɓata dentin, a ruwan kuloramin-T kashi 0.5 na sati ɗaya, sannan ki mayar ruwa mai tsabta a firij, kuma ki yi amfani da su kafin wata shida. Ki rubuto min shafi ɗaya a kan tambayar da kike son amsawa, ki haɗo da tallan da taranskirif ɗinki, ranar Alhamis bayan la'asar ina ofis, ki zo mu duba tare, sauran garin ƙashin nan ma yana nan a kwalba zan nuna miki.